Addu'ar haɗin kan ƙasa da coci-coci ke tara shugabanni: me take haifarwa?

Ɗan Kasuwar Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, Musulmi da Kirista, da fatan kowa ya tashi lafiya. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-komo a zuciya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sanin abin da ke gudana a majami'u.

Ni kayan wutar lantarki nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma shekara 14 ke nan shagona yana manne da na wani bawan Allah Kirista. Idan na tafi sallar Azahar shi ne yake duba mini kaya, ni kuma ranar da ya tafi taron cocinsu na tsakiyar mako nakan karɓar masa ciniki, in ƙulle kuɗin a leda in ajiye masa har ya dawo. A makon bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba, ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalli sujadar da aka yi a Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da ke Abuja. Na ga manyan jami'an gwamnati da 'yan majalisa da hafsoshin soja, har da 'yan siyasar da kowa ya san ba sa ga-maciji da juna, duk suna zaune a jere, sun sunkuyar da kai, ana roƙa wa Najeriya haɗin kai da zaman lafiya. Maƙwabcina ya ji daɗin abin ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa na rasa abin da zan ce masa, domin a zuciyata ina tuna cewa da safiyar ranar na sayi kwanon shinkafa a farashin da a shekarun baya da shi nake sayen na mako guda.

Abin da nake son sani shi ne tushen wannan al'ada a addinin Kirista, da kuma ainihin abin da ake yi a wurin bayan abin da kyamara ke nuna mana. Sannan ina so wanda ya sani ya gaya mini tsakani da Allah ko irin wannan taro ya taɓa sauya halin wani shugaba ko ya kashe wata wutar rikici. Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi damuna, shi ne yadda addu'ar da aka yi a cikin coci, inda ni da miliyoyin irina ba ma halarta, za ta zama addu'ar haɗa kan ƙasar da ke da Musulmi da Kirista masu ɗimbin yawa. Ba da niyyar muzanta kowa na yi tambayar ba. Mu da muka taso a Kano mun ga abin da rabuwar kai ke jawowa da idonmu, shi ya sa duk abin da aka ce zai kawo haɗin kai nake son in fahimce shi sosai.

Dattijon Ikilisiya ya amsa:

Salama gare ka, ɗana, Allah ya yi maka albarka saboda ladabin da ka yi tambaya da shi. Ni Bahaushe ne Kirista, haifaffen kudancin jihar nan, na shafe fiye da shekara 30 ina hidimar dattijo a wata ikilisiya da ake sujada da Hausa a cikin birnin Kano, kuma na halarci irin waɗannan tarurruka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki. A wasiƙar farko da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti, farkon sura ta 2, ya umurci masu bi su yi roƙo da addu'a saboda sarakuna da dukan masu riƙe da iko, domin jama'a su sami zaman lafiya da kwanciyar rai. Abin lura shi ne, a lokacin da ya rubuta wannan, masu mulkin daular Rum ba Kiristoci ba ne, wasunsu ma tsananta wa Kiristoci suke yi. Haka nan Annabi Irmiya, a sura ta 29, ya gaya wa mutanensa da aka kwashe zuwa Babila su nemi alherin birnin da suke zaune a ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Wannan ayar mu Kiristocin Kano mun riƙe ta da hannu biyu. Saboda haka a cocinmu muna yi wa gwamna da Mai Martaba Sarki addu'a a sujadar Lahadi, ba tare da duba addininsu ba.

Tara shugabanni wuri ɗaya kuwa ya samo ƙarfi ne bayan da coci-coci suka haɗu a ƙarƙashin Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, wadda aka kafa a 1976. Cibiyar da ka gani a waya an kammala ta ne a 2005, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, kuma tana nan ba nisa da Masallacin Ƙasa. A can ake yin sujadar haɗin gwiwa ta ɗarikoki daban-daban a makon bikin 'yancin kai, da lokacin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu, da kuma ranar dimokuraɗiyya. Akwai kuma gangamin addu'a da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1996, wanda ya riƙa zagaya sassan ƙasar nan yana tara jama'a da masu mulki. Mutane da yawa sun saurare shi ne saboda shi ya jagoranci ƙasa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma shi ne da aka gama ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi.

Abin da ake yi a ciki ba ɓoyayye ba ne. Ana rera waƙoƙin yabo, a karanta nassi daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, sau da yawa wani daga cikin shugabannin ne ake ba shi ya karanta, sannan a yi wa'azi, a bi da addu'o'in roƙo ɗaya bayan ɗaya: domin shugaban ƙasa, da majalisa, da alƙalai, da sojojin da ke bakin daga, da marayu da gwauraye.

Yanzu bari in gaya maka inda nake ganin amfanin abin yake. Mai mulki a ƙasar nan kusan duk inda ya shiga shi ne mai magana, sauran jama'a kuma masu tafi. Wurin ibada yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda tilas ya zauna ya yi shiru na tsawon sa'a guda, wani ya tsaya a gabansa ya yi magana da sunan Wanda ya fi shi iko. Idan mai wa'azin yana da tsoron Allah, wannan sa'ar tana da daraja ƙwarai. Annabi Natan ya shiga fadar Sarki Dauda ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci guda ɗaya tak, da Dauda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, sai Natan ya ce masa ai shi ne mutumin. Wannan shi ne aikin da ake bukata daga mai wa'azi a irin wannan taro.

Na taɓa ganin an yi haka a nan Kano. Wata shekara bayan wani tashin hankali, an shirya taron addu'a, wani babban jami'in gwamnati ya zo da tawagarsa, masu tsaronsa suka riga shi shiga suna neman inda za a ajiye masa kujera mai laushi a gaban bagade. Tsohon rabaran ɗinmu, wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ya ce musu cikin natsuwa babu wata kujera sai bencin katako da kowa ke zaune a kai. Ya zaunar da shi kusa da wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata, sanye da zanen ƙungiyarsu, wadda aka ƙone mata shago a rikicin. Da lokacin addu'a ya yi, rabaran bai ba baƙon makirufo ba, ita ya ba. Ta yi addu'a muryarta tana rawa, ta ambaci sunan maƙwabciyarta Musulma da ta ɓoye mata 'ya'ya kwana biyu a ɗakinta, ta roƙa mata albarka, sannan ta roƙi Allah ya ba masu mulki kunnen jin kukan talaka. Ina kusa, na ga mutumin ya cire tabarau yana share ido. Ba zan ce maka ya zama waliyyi daga ranar ba, amma kafin wata ya ƙare an zo an ƙididdige shagunan da aka ƙone a layinmu, na Musulmi da na Kirista.

Sai dai dole in faɗi gaskiya ko da a kanmu ce. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Akan ba mai mulki kujerar gaba, a jero masa kirari, a miƙa masa makirufo ya yi jawabin siyasa a kan mumbari, ya sanar da gudummawar gini, a yi tafi a watse. Idan aka yi haka an mayar da ɗakin Allah dandalin kamfe, kuma alhakin yana wuyanmu mu shugabannin coci kafin ya kai ga ɗan siyasa. Yesu Almasihu ya koyar, a Matiyu sura ta 5, cewa wanda ya kawo baikonsa gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata damuwa game da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Da za mu riƙe wannan ƙa'ida a bakin ƙofa, da taron ya ragu da yawa, amma da ya fi albarka.

Ma'aikaciyar Jinya daga Sabon Gari ta amsa:

Baba, ina gaisuwa, kuma na gode da ba ka rufe laifin gidanmu ba. Ni ma Kirista ce, a Sabon Gari aka haife ni, a nan na yi aure, kuma Hausa ce harshen da nake aiki da shi a asibiti kullum. Ina neman izini in ɗan tsananta magana fiye da yadda ka yi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar 18 ga Maris 2013, lokacin da bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, ina bakin aiki. Ba zan bayyana abin da na gani ba, amma har yau idan na ji ƙaurin taya tana ƙonewa sai gabana ya faɗi. Kafin wannan an kai harin 20 ga Janairu 2012 wanda ya ci rayuka fiye da 150 a birnin nan, an kuma buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu na shekarar, har manyan malaman jami'a suka rasu. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 kuma aka afka wa masallata a Babban Masallacin Kano, aka kashe fiye da mutum 100. Mu da muke karɓar waɗanda suka jikkata ba mu taɓa tambayar addinin mai bukatar jini ba, kuma masu zuwa ba da jinin ma ba su tambaya ba. A duk waɗannan shekaru ana ci gaba da yin sujadar ƙasa a Abuja.

Ban ce addu'a ba ta da amfani ba, ni kaina da ita nake fara kowace rana, kuma ita ta riƙe ni a waɗancan kwanaki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ga wanda aka damƙa wa baitulmali da rundunar tsaro ya tsaya yana roƙon Allah ya kawo tsaro da sauƙin rayuwa, kamar shi ma ɗan kallo ne irina. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 14, ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Talaka idan ya yi addu'ar samun magani a asibiti ya yi iyakar abin da zai iya. Mai mulki kuwa alƙalami yana hannunsa. Annabi Ishaya a sura ta 58 ya faɗi irin azumin da Allah yake karɓa, wato a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwata, a ba marasa gida masauki. Ina so in ji an karanta wannan surar a gaban manya, kuma wanda zai karanta ya kasance ɗaya daga cikinsu.

Shugabannin coci sun san wannan, domin ba kullum suke tsayawa a addu'a ba. Bishop-bishop na Katolika sun tsara addu'a ta musamman domin Najeriya da ke cikin ƙunci tun zamanin mulkin Janar Sani Abacha, kuma an daɗe ana karanta ta a coci-coci. Amma da kashe-kashe suka yi yawa, a ranar 1 ga Maris 2020 su da kansu suka sa baƙaƙen kaya suka fito kan titin Abuja suna tattaki. Wannan ya nuna mini cewa su ma sun ga akwai lokacin da ya kamata a fito daga ɗakin sujada a tsaya a inda mai mulki ba zai iya kau da kai ba.

Malam mai tambaya, idan kana neman addu'ar da na ga ta haɗa kai da idona, to ta Janairu 2012 ce, lokacin zanga-zangar cire tallafin man fetur. A dandalin da matasa suka taru a nan Kano, da lokacin salla ya yi sai Kiristoci suka riƙe hannun juna suka kewaye masu salla har suka idar. Bayan haka wasu Musulmi suka zo coci-cocin Sabon Gari ranar Lahadi, suka tsaya tare da mu, suka ce mu kwantar da hankali babu wanda zai kore mu daga garin nan. Babu jiniya, babu jerin gwanon motoci. Mahaifiyata, wadda ta riga ta ɗaure kayanta za ta koma garinsu, a daren ranar ta kwance su.

Almajirin Ilimi daga Ƙofar Mata ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe da Baba Dattijo da 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata da alheri kan hidimar da ta yi wa bayinsa. Zan tsaya ne kan tambayar ƙarshe da ɗan'uwana ya yi, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye.

Ya ɗan'uwa, haɗin kan ƙasa bai dogara ga haɗa ibada ba. Musulmi yana da aƙidarsa, Kirista yana da tasa, kuma gaskiya ita ce kowannenmu ba ya karɓar wani ɓangare na abin da ɗayan ya yi imani da shi. Ɓoye wannan ba ya kawo zaman lafiya, sai dai ya haifar da zargi. Malamanmu sun yi saɓani kan hukuncin shigar Musulmi coci don wata bukata, wasu sun halatta da sharuɗɗa, wasu sun karhanta, wasu sun hana, amma ba a nemi kowa ya yi ibadar da ba tasa ba. Shi ya sa tsarin da ake bi a Abuja ya yi daidai a ganina: a makon bikin 'yancin kai akan yi addu'a ta musamman a Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, Kiristoci kuma su yi tasu ranar Lahadi. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin nasa. Saboda haka idan maƙwabcinka ya roƙa wa ƙasar da kake ciki zaman lafiya a cocinsa, alheri ya nufe ka da shi, kuma abin da ya dace da kai shi ne ka gode masa. Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratul Mumtahana aya ta 8, bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, da yi musu adalci.

Wurin da ya kamata a haɗu fuska da fuska shi ne teburin shawara, kuma akwai shi. Majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai, wadda aka fi sani da NIREC, an kafa ta a 1999, Mai Alfarma Sarkin Musulmi da shugaban CAN ne suke jagorantarta tare, wakilan ɓangarorin biyu kuma adadinsu ɗaya. Rauninta a ganina shi ne ta fi ƙarfi a sama, ba ta sauko matakin unguwa yadda ya kamata ba, alhali rikici a bakin kasuwa da tashar mota yake farawa.

Korafin 'yar'uwarmu kuwa ya hau kanmu mu ma. Mu ma muna tara masu mulki a saukar Alƙur'ani da addu'o'in ƙasa, mu ma akwai malaman da harshensu ke yin nauyi idan sun ga babbar riga a sahun gaba. Alhali Suratur Ra'ad aya ta 11 ta gaya mana cewa Allah ba ya canza halin da mutane ke ciki har sai sun canza abin da ke zukatansu, kuma hadisi ya tabbata cewa addini nasiha ne, har ga shugabanni. Maganar da aka ruwaito daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, ta dace a karanta ta a kowane taron addu'ar ƙasa, a masallaci ne ko a coci.

Tsohon Ɗan Jarida daga Nasarawa ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Mai tambaya ya nemi a gaya masa ko irin wannan taro ya taɓa kashe wuta, bari in kawo abin da na bibiya a shekarun aikina.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Sudan ta Kudu. A watan Afrilu 2019 Fafaroma Francis da shugaban cocin Angilika na lokacin, Justin Welby, suka gayyaci Shugaba Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar zuwa fadar Vatican don keɓewa da addu'a. A ƙarshen zaman, Fafaroma, dattijo mai shekara 82, ya durƙusa ya sumbaci ƙafafunsu yana roƙonsu kada su koma yaƙi. A watan Fabrairu 2020 aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. Amma zaman bai miƙe ba, domin a Maris 2025 an yi wa Machar ɗaurin talala a Juba. A Kenya ma, bayan shugaban ƙasa na lokacin Uhuru Kenyatta da jagoran adawa Raila Odinga sun yi musabaharsu ta 9 ga Maris 2018, sun tsaya a taron addu'ar ƙasa na watan Mayun shekarar sun nemi gafarar juna a bainar jama'a, abin da ya taimaka wajen sanyaya zukatan magoya bayansu.

Inda na ga aikin ya yi ƙarko shi ne Mozambik. Wata ƙungiyar Katolika ta birnin Rum mai suna Sant'Egidio ta zauna da gwamnati da 'yan tawayen Renamo fiye da shekara biyu ana ja-in-ja kan batun sojoji da zaɓe, har aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 4 ga Oktoba 1992, yaƙin shekara 16 ya tsaya. Masu shiga tsakanin mutanen addu'a ne, amma sun haɗa da haƙurin zama kan takarda layi bayan layi.

Mu ma a gida muna da irinsa. Kafin zaɓen 2015, da kowa ke fargabar ƙasa za ta kama da wuta, musamman mu da muka ga tarzomar bayan zaɓen 2011, an sa 'yan takara sun rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja cikin Janairu. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi tsayin daka wajen haɗa shi, Sarkin Musulmi kuma yana ciki, ya sake haɗa Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari kwana biyu kafin zaɓe. Ranar 31 ga Maris Jonathan ya buga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Na tuna mutane da yawa sun kwashe iyalansu daga Sabon Gari kafin zaɓen, cikin 'yan makonni kuma suka dawo.

Duk da haka kada a ɗauka sa hannu kaɗai ya isa. A Kaduna, shugabannin addini 22, Musulmi da Kirista, sun sa hannu kan sanarwar zaman lafiya a watan Agusta 2002, bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyun da a da suke gaba da juna. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin. Abin da ya burge ni shi ne ba su watse ba, sun ci gaba da bin unguwanni da ƙauyuka, har aikin ya kai su Yelwa da Shendam a jihar Filato bayan rikicin 2004, wanda mu ma a Kano tartsatsinsa ya same mu.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, labarin dattijuwar nan da aka ba makirufo ya tsaya mini a rai, na karanta wa maƙwabcina shi a shago yau da safe, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma a rikicin 2004 wani mai shayi ne ya ɓoye shi a bayan teburinsa har sojoji suka iso. Shekara 14 muna tare bai taɓa gaya mini ba sai yau.

Malam, na karɓi nasiharka, na kuma gode wa maƙwabcin nawa kan addu'ar da suke yi, ya ce shi ma yana jin daɗi idan ya ji limamin masallacin kasuwa yana roƙa wa garin nan aminci bayan sallar La'asar. Mun yi shawara ni da shi za mu sami shugaban layinmu, mu nemi a kira limamin da faston da yawancin Kiristocin layin ke zuwa cocinsa, a zauna a san juna tun babu abin da ya faru, a karɓi lambar wayar juna, a kuma yarda kan wanda za a fara kira idan wata jita-jita ta shigo kasuwa. Muna so mu gayyaci kansilan mazaɓarmu, amma da sharaɗin zai zo ya saurara ne, domin akwai maganar kwatar da ta toshe a bayan layinmu da ta fitilun titi da suka mutu.

Baba, idan lafiya ta bari, muna roƙon ka zo ka zauna tare da mu ranar, domin mu yara ne a wannan fage, kuma ba mu san yadda ake buɗe irin wannan zama ba. Mun fi son ranar Asabar bayan an rufe kasuwa, amma za mu bi lokacin da ya yi maka daidai.